Neman shawara: haihuwa biyar, ta ƙarshe da tiyata, rusum ya sha mana kai, maigida ya ƙi maganar tazara

Admin: Saƙo ne daga wata 'yar'uwarmu a Jidda, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara da ladabi dan Allah.

Assalamu alaikum Anti admin da 'yan uwa baki ɗaya. Shekarata 31, aurena shekara goma sha ɗaya, Allah ya bani yara biyar Alhamdulillah, biyu daga ciki kwanika nayi ina goyo ciki ya shiga. Autar watanta bakwai yanzu kuma tiyata akamin aka cirota saboda hawan jini daya tasomin a watan ƙarshe, har yau in na tashi tsaye da sauri sai naga jiri, likitar tace jinina yayi ƙasa sosai kuma kar in sake ɗaukar ciki sai nayi shekara biyu. To ga inda matsalar take. Maigidana mutumin kirki ne wlh baya ragemu da komai iya ƙarfinsa, yana aiki a wani kamfani albashinsa riyal 5,500, mu shida ne a kan ikamarsa (takardar izinin zama a Saudiyya) ni da yara, kowa riyal 400 a wata kunga 2,400 kenan ta tafi a rusum kawai, wato kuɗin da gwamnati ke karɓa akan iyalin baƙo, hayar gida 1,500, abinda ya rage dashi zamu ci mu sha a sayi madara da famfas a biya wuta a turawa Hajiyarsa a Kano. Duk sanda sabunta ikama ya matso baya bacci, bara sai da na sayar da ɗankunne da sarƙata ya ƙara da bashi. Amma dana masa maganar tazara sai ransa ya ɓaci yace shi bazai yi jayayya da Allah akan arziki ba, kuma Hajiya tace shi kaɗai ne ɗanta namiji tana son zuri'a, ƙarshe yace in abin yayi nauyi zai mana kuruj, wato bizar fita gaba ɗaya, mu koma Kano shi ya zauna. Ni kuma bana son a raba yara da ubansu. Wata maƙociyata tace inje a samin ashanar hannu ta hana ɗaukar ciki bai sani ba. In yi ko kar in yi? Kuma a addini ya abin yake? Wlh kaina ya kulle, ga jinin al'ada ya dawomin tun wata biyu da suka wuce.

Maman Walid: Yar uwa kije kisa abinki kawai. In kika mutu wajen haihuwa kafin arba'in ya auro wata, yaranki ne a wahala. Ni nan da kike gani saida nayi shekara uku a kai babu wanda ya sani.

Ummu Hanan (Makka): Maman Walid ke Allah ya rufa miki asiri ne bata baki matsala ba. Ni ƙanwata haka aka zugata taje tasa, sai jini ya dinga mata wasa yau ya zo gobe ya ɗauke har wata huɗu, mijin ya kaita asibiti da kansa, a gabansa likita ta tambaya me kike amfani dashi, ta taɓa hannun taji abin. Ba maganar haihuwar ce ta ɓata masa rai ba kamar yadda yaji kunya a gaban baƙuwa wai bai san me ke jikin matarsa ba. Saida manya suka shiga. Kuma ku tuna a ƙasar nan takardunki a hannunsa suke, in ya fusata ba sai ya sakeki ba ma, a manhajar gwamnati ta Absher zai danna miki fita. Ki bi ta lallami ƙanwata.

Sista Maman Iman (ma'aikaciyar jinya, Madina): Bari in fara da abinda yafi gaggawa, tunda kince al'ada ta dawo kuma yarinya ta wuce wata shida to shayarwa bata kareki daga ɗaukar ciki yanzu. Shayarwa tana hanawa ne kawai in abu uku sun haɗu, jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba. Ke duka ukun sun warware, yau ɗin nan ciki zai iya shiga, kar ki ce sai bayan sallah zaki yi tunani.

Maganar likitarki ba tsoratarwa bace. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, wannan ga mace mai lafiya kenan balle ke mai ɗinki a mahaifa. Ɗinkin da kike gani a fata ya warke ba shi bane damuwar, na cikin ne, in ciki ya shiga da wuri haɗarin ya yage lokacin naƙuda yana ƙaruwa, ga ƙarancin jini, wacce jininta yake ƙasa zubar da wata zata jure ita sai ta tafi da ita. Sannan hawan jinin ciki yana iya dawowa a ciki na gaba.

Kuma dan Allah ku daina shiga saidaliyya (kemis) kuna cewa a baku irin ƙwayar da maƙociya take sha. Ƙwayar nan kala biyu ce, akwai mai haɗin sinadari biyu wadda bata dace da mai hawan jini ba, akwai ta masu shayarwa mai sinadari ɗaya ita kuma tana son a sha kullum a lokaci ɗaya. Allura duk wata uku ce amma in an daina wasu sai su ɗau watanni kafin ciki ya shiga. Ashana akwai ta shekara uku akwai ta biyar, babbar matsalarta rikita al'ada kamar yadda Ummu Hanan ta faɗa, amma da an cire haihuwa na dawowa. Sai robar mahaifa wadda anan suke cewa laulab. Wanne ne naki, sai an auna jininki an duba. Shawarata ki ɗauki maigida ku koma wajen likitar da ta miki tiyata ta faɗa masa da bakinta, nasha gani anan, namijin da yayi shekara yana musu da matarsa minti biyar a gaban likita sai kiji yace to dakta ya za'ayi.

Alhaji Baba Takari: Inna lillahi. Wato har a ƙasa mai tsarki wannan aƙidar ta Turawa ta biyo mu. Ni 'ya'yana 14, nazo ƙasar nan babu ko sisi ina dako a Shari' Mansur, babu wanda ya kwana da yunwa. Bakin da Allah ya tsaga baya hana shi abinci. Allah yace kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci. 'Yata ki bi mijinki ki zauna lafiya.

Maman Walid: Baba da girmanka, lokacin da kake haifar 14 ɗin nawa kake biya wa kowanne a wata? Rusum ɗin nan a watan Yulin 2017 aka fara shi da riyal 100, duk shekara ana ƙara ɗari har ya tsaya a 400 a 2020, a shekarar kuma harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Lissafa mana 14 sau 400.

Alhaji Baba Takari: Wanda ya ciyar damu a lokacin shi ne dai yake nan yanzu.

Abu Sudais (ɗalibi, Jami'ar Musulunci ta Madina): Baba Allah ya ƙara lafiya, ayar da ka kawo gaskiya ce tana cikin Suratul Isra'i aya ta 31 da makamanciyarta a An'am 151, kuma hadisin ku auri mai soyayya mai haihuwa yana nan a Abu Dawud, babu musulmin da zai ce yawan zuri'a abin ƙi ne. Amma ayar akan kashe ɗan da ya riga ya samu take magana, 'yar'uwar nan kuma jinkirta cikin da bai shiga ba take tambaya. Sayyidina Jabir yace mun kasance muna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito, wato miji ya zubar a waje, kuma ba a hana su ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi ta zauna akan wannan mas'ala a Kuwait a watan Disambar 1988, abinda suka tsayar shi ne bai halatta gwamnati ta kafa dokar da zata iyakance wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, haramun ne a kashe haihuwa gaba ɗaya ga miji ko mata sai da lalura, amma ya halatta a jinkirta na wani lokaci don a sa tazara tsakanin ciki da ciki in akwai buƙatar da shari'a ta yarda da ita, da shawara da yardar juna, da hanyar da bata cutarwa. Inda malamai suka fi tsanantawa shi ne in dalilin tsoron talauci ne zalla, manyan malaman ƙasar nan sun hana wannan, duk da cewa Imam Gazali tun da daɗewa ya ambaci tsoron ƙunci saboda yawan iyali cikin dalilan da basu haramta azalu ba. To ke 'yar'uwa bakya ma buƙatar shiga wannan saɓanin, kina da maganar likita akan rayuwarki kuma kina cikin shekara biyun shayarwa da Baƙara 233 ta ambata. Ina ganin inda kika samu matsala shi ne kin shigo masa ta ƙofar kuɗi, namiji kuwa in kika ce masa kuɗi basa isa abinda yake ji shi ne kin gaza. Ki ajiye maganar rusum gefe ki masa maganar lafiyarki. A ɓoye kuwa ban baki shawara ba, haihuwa haƙƙin ku biyu ne, kamar yadda shi ma malamai suka ce baya yin azalu sai da izininki. In ya ƙi bayan yaji daga likita sai ki samu malamin da yake jin maganarsa, don hana cutarwa yana gaba.

Hajiya Inna (Hindawiyya): Ni abin dariya yake bani in naji ance tazara ta Turawa ce. Mu a zamaninmu a ƙauye mace in ta haihu gidansu take tafiya wankan jego, kuma ko ta dawo miji baya kusantarta sosai sai ta yaye, shekara biyu cur, wacce tayi kwanika har waƙa ake mata a dandali tsabar abin kunya, ana cewa ta shayar da ɗa nonon ciki. Kakata haihuwarta tara amma tsakanin kowanne shekara uku. Yanzu ɗaki ɗaya da falo a Jidda, babu gidan iyaye babu kishiya babu inda zaki, ga madarar gwangwani tun wata biyu, dole ciki ya dinga bin ciki. Ita Hajiyar Kanon ta san wannan sarai in ta tuna nata zamanin. 'Yata ki kirata da kanki ki gaisheta ki faɗa mata abinda likita tace, kar ki bari ta dinga ji daga bakin ɗanta kawai.

Injiniya Abu Amir (Riyad): Baba Alhaji kace har ƙasa mai tsarki, to su 'yan ƙasar fa? Wajen ƙarshen shekarun 1970 macen Saudiyya haihuwa kusan bakwai take yi a matsakaici, a ƙidayarsu ta 2022 ta dawo 2.8, kuma su ba rusum suke biya ba. Iran ma da malamai ke mulki sun fara shirin tsarin iyali a 1989 sun sauko daga sama da shida a tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen biyu a 2000, Bangladash daga kusan bakwai zuwa biyu da ɗoriya. Mu kuma binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna 5.3 a ƙasa baki ɗaya, Arewa maso Yamma 6.6, Katsina 7.3, Legas 3.4. Sai hukumar ƙididdiga ta fito a 2022 tace mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke, Sakkwato ce kan gaba. A 2006 da akayi ƙidaya ta ƙarshe mu miliyan 140 ne, yanzu ana ƙiyasin mun haura 220, makarantu da asibitoci da gonaki sun ƙaru haka? Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai yau jikoki talatin ke rigima a kanta a kotu. Sarkin Kano Sanusi yayi ta faɗin irin wannan akan auren da haihuwar da ba'a iya riƙewa aka yi ta zaginsa.

Ɗan Gobir: Injiniya ka kawo lambobi amma ka juya su. Sin da Indiya kowacce ta wuce biliyan 1.4 suna ƙera jirgi suna zuwa wata. Ba haihuwar talaka ce ta cinye kuɗin man Najeriya ba, ba ita ta kashe masaƙun Kano da Kaduna ba, ba ita ta hana manomin Zamfara zuwa gona ba. A wannan binciken na 2018 da ka ambata, cikin yara dubu a Arewa maso Yamma 187 basa kai shekara biyar. Uwar da ta binne biyu zaka ce mata ta tsaya a uku? Wanda bashi da fansho bashi da inshora 'ya'yansa ne fanshonsa. Kuma dai a ciki, macen da bata yi makaranta ba haihuwarta 6.7, wacce ta wuce sakandare 3.4. A gyara asibiti a bar yara mata suyi karatu kaga in haihuwar bata sauko da kanta ba. Su Saudiyyan da kake misali dasu ai saida suka ƙoshi matansu suka shiga jami'a sannan ta sauko.

Injiniya Abu Amir (Riyad): Ban musa maka ba ai, abin biyu ne suke ciyar da juna. Amma Bangladash bata jira tayi arziki ba, mata aka ɗauka suna bi gida gida a ƙauyuka suna wayar da kai akan tsarin iyali. Kuma Sin ɗin da ka kawo ka manta dokar ɗa ɗaya da suka yi shekara talatin da wani abu suna kai? Ni bance ayi irin nasu ba, zalunci ne. Tambayata kawai kafin shugabanni su gyaru ita wannan baiwar Allah ta zauna da ɗinki tana jira?

Admin: Injiniya da Ɗan Gobir ku koma ta bayan fage da siyasarku, shawara aka nema.

Ummu Musab: Ni Bahaushiyar Sudan ce, iyayena suna wajen Mai Wurno a jihar Sinnar, aure ya kawoni Makka. A wajenmu gidan da yake da samari da yawa shi ke da rufin asiri, lokacin yankan riɗi da girbin dawa ba sai ka ɗauki 'yan ƙwadago ba, yaro ɗan shekara goma yana ciyar da kansa, shiyasa in kace wa babana a rage haihuwa kallon mahaukaci zai maka kuma a gonarsa yana da gaskiya. Amma da yaƙi ya iso Sinja a tsakiyar 2024 yayata ta fito da yara bakwai da tsohon ciki, huɗu daga ciki basu kai shekara shida ba, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗar mijin, sauran ana jansu da hannu, kwana da kwanaki kafin su kai Gadarif, a wata makaranta da aka sauke 'yan gudun hijira ta haihu akan tabarma babu ungozoma sai wata tsohuwa. Ta rayu Alhamdulillah amma har yau bata dawo daidai ba. Da muka yi waya tace min ba yawansu ne ya wahalar da ita ba, da manya ne ai da sun taimaka, kusancinsu ne, duk ƙanana a lokaci ɗaya. To 'yar'uwa ke ma biyar ɗinki Allah ya raya, babu wanda yace ki rufe, ki huta su tasa tukuna. Maganar komawa Kano kuma kar ki ɗauketa barazana kawai, ku zauna ku lissafa da gaske, gidaje da yawa da na sani sun mayar da manyan yara gida karatu don dama jami'a anan wuya take wa ɗan baƙo.

Maman Walid: Ni dai har yanzu ina kan bakata, in ya ƙi bayan duk wannan lallamin taje tasa. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya mata kusan dubu 82 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2020 kaɗai, duk masu biyayya ne.

Abu Sudais: Maman Walid a bari a gwada hanyar farko tukuna. In likita ta tabbatar ciki haɗari ne ga rayuwarta hukuncin daban ne, kuma a lokacin ma akwai waliyyanta da zasu shiga maganar, ba ita kaɗai zata ɗau nauyin ba.

Admin: Mai tambaya ta sake turo saƙo.

Na gode Allah ya saka da alheri, na karanta duka har na Baba Alhaji. Jiya bayan isha da yara suka yi bacci na masa magana yadda Malam yace ban ambaci kuɗi ba ko sau ɗaya, nace masa tsoro nake ji kuma jirin bai daina ba, na nuna masa takardar sallama ta asibiti inda likita ta rubuta. Yayi shiru ya daɗe sannan yace ranar Alhamis in ya taso aiki zamu je tare yaji da kunnensa, amma bai yi alƙawarin komai ba kuma yace kar in kira Hajiya tukuna shi zai san yadda zai mata. Sista tambayata, mai tiyata ana iya sa mata laulab ɗin? kuma ta'amin (inshorar lafiya) ɗin kamfani yana biya?

Sista Maman Iman: Ana sawa, wata bakwai ai kin wuce lokacin jira. Sai dai na jan ƙarfen yana iya ƙara yawan jinin al'ada, ke kuma jininki ƙasa yake, ki faɗa mata wannan da maganar hawan jinin ta zaɓa miki tsakanin laulab mai sinadari da ashana. Zasu fara miki gwajin ciki kafin komai, daga yau zuwa Alhamis ɗin ku kiyaye. Ta'amin kuma kowane kamfani da irin nasa, ki kira lambar dake bayan katin ki tambaya kafin ku fita, ki tafi da takardar sallamar, ki ce a duba miki yawan jini a sake rubuta miki maganin ƙarin jini in naki ya ƙare.